Lafiyar Iyali: Kafin Ki Ba Yaro Septrin

Da wuya ki shiga gida a Danchadi ko ƙauyukan Bodinga da Shagari ba ki tarar da Septrin a ajiye cikin kwalla ba. Tari ne, gudawa ce, zafin fitsari ne, sai a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya biyu. Magani ne mai kyau, amma cutukan bakteriya yake wa aiki, mura ba ta jin sa. Ƙwaya biyun nan kuwa taurin kai kawai take koya wa cuta. Kwanakin da likita ya rubuta, a cika su.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne Septrin yana da dangi, ana ce musu salfa. Fansidar da ake ba masu ciki wurin awo ɗan gidan ne. Haka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ma'aikata ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59. Ba a haɗa su. In yaronki na shan Septrin, ko ya sha kwanan nan, ki faɗa musu kafin su jiƙa nasu. Ke ma mai ciki, kada ki sha sai da izinin likita, kuma ba a ba jaririn da bai kai mako 6 ba.

To, ga wurin da nake so ki buɗe kunne. In an fara sha sai ƙuraje suka feso, leɓe da cikin baki suka yi bororo, ido ya yi ja, kada ki ce ƙyanda ce ki tsaya jiƙe-jiƙe. A dakatar da maganin, a nufi babban asibitin Bodinga a ranar, don yakan kai fata ta riƙa saɓulewa kamar ƙunar wuta. Haka in fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ido ya yi rawaya: akwai masu gadon wani rauni a jini, G6PD, an fi samun sa ga maza, salfa kan farfasa musu jini. Wanda ya taɓa yin ɗayan waɗannan, shi da dangin salfa har abada, kuma a faɗa wa duk likitan da zai duba shi.

Sai ruwa. Da bazarar Sakkwato zafi kan haura digiri 40, maganin kuma kan daskare a ƙoda in jiki ya bushe. Kowace ƙwaya a bi ta da kofi cike, a kuma yi ta sha har dare.