Wifi ya kama amma babu intanet: laifin kwamfuta ne ko matsalar daga nesa take?

A ranar Alhamis 14 ga watan Maris na 2024, masu amfani da kwamfuta a Abijan da Akara da Kwatano da Duwala sun wayi gari da matsala iri ɗaya. Alamar wifi a cike take, amma babu shafin da ke buɗewa. Duk wanda ya ɗauki kwamfutarsa ya kai wa mai gyara a ranar, kuɗin mota kawai ya yi asara, domin matsalar tana ƙarƙashin teku. Manyan igiyoyin intanet huɗu, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar ruwan Kwadebuwa, kuma an kwashe makonni kafin jiragen ruwa su kammala gyara.

Lamarin ya fito da wani abu da mutane da dama ba su lura da shi ba: wifi daban, intanet daban. Wifi ƴar gajeriyar hanya ce tsakanin kwamfuta da akwatin da ke cikin gida. Daga akwatin sai saƙo ya bi ta kamfanin sadarwa, ya ratsa igiyoyin da aka binne a ƙasa, ya isa bakin teku. Idan hanyar ta yanke a ko'ina bayan akwatin, kwamfuta za ta ci gaba da nuna cewa ta haɗu, alhali ba ta iya kaiwa ko'ina.

Ga Hausawan da ke zaune a Kamaru da Cadi da Gabon da Ghana da Kwadebuwa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ta intanet ɗan kasuwa ke tura wa abokin hulɗarsa hoton kaya da farashi, ta nan ɗalibi ke cike takardun makaranta, ta nan kuma dangin da iyaka ta raba ke jin labarin haihuwa da rasuwa. Sanin inda matsala take shi ne ke bambanta wanda zai gyara cikin minti biyar da wanda zai kashe jikkunan sefa a banza.

Abin da ake iya gyarawa a gida

Masu gyara kan fara da tambaya ɗaya: sauran na'urori na samun intanet ta wannan akwatin? Idan wayar salula na buɗe shafuka ta wifi ɗin amma kwamfuta ta ƙi, to laifin yana cikin kwamfutar. A nan ana cire sunan wifi ɗin daga kwamfuta, a sake haɗawa da lambar sirri. Ana kuma duba kwanan wata da agogo, domin idan sun kauce sosai, shafuka da yawa ba za su buɗe ba.

Akwai kuma lambar adireshi da akwatin ke bai wa kowace na'ura. A kwamfuta mai Windows, umarnin ipconfig na nuna ta. Idan ta fara da 169.254, alama ce akwatin bai ba kwamfutar adireshi ba, kuma sau da yawa kashe akwatin na rabin minti a sake kunna shi na warware matsalar. Wani lokacin kuma tsarin DNS ne ke tsayawa, wato wanda ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare kan dawo da hanya.

Idan kuwa babu na'urar da ke samu, sai a duba ko data ta ƙare, sannan a kalli fitilar intanet da ke jikin akwatin. Idan ta koma ja ko ta mutu, kuma maƙwabta ma na kuka da rashin rezo, babu abin da taɓa kwamfuta zai ƙara.

Lokacin da hukuma ce ta rufe

Ba kullum ne hatsari ke yanke hanya ba. A Kamaru, an katse intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma daga watan Janairu zuwa Afrilun 2017. A Cadi, an toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 har zuwa Yulin 2019. A Nijar, an rufe intanet ɗin wayar salula na kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. A Gabon ma an katse shi a ranar zaɓen 26 ga Agustan 2023, bai dawo ba sai bayan juyin mulkin 30 ga watan.

Irin wannan toshewa ta bar wata matsala a cikin gidaje. Mutane da yawa sun saka manhajar VPN domin su shiga WhatsApp da Facebook, daga baya suka manta da ita. Duk ranar da manhajar ta daina aiki, tana iya tare hanyar gaba ɗaya, kwamfuta ta nuna wifi amma babu intanet. Kashe ta ko goge ta na cikin abubuwan da ya kamata a fara gwadawa.

Ƙasashen da ba su da teku

Waɗanda suka fi shan wahala su ne mazauna ƙasashen da ba su da gaɓar teku. Cadi na samun intanet ta igiyoyin da suka biyo ta Kamaru da Sudan, ita kuwa Sudan tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023. Nijar ta dogara da maƙwabtanta na kudu, irin su Benin da Najeriya. Idan ambaliya ko masu aikin hanya suka tsinka igiya a arewacin Kamaru, mai shago a Njamena ne zai ji a jikinsa.

Abin da ya rage raɗaɗin katsewar 2024 shi ne samun hanya ta biyu. Kamfanonin da ke da alaƙa da igiyar Equiano ta Google, wadda ta sauka a Lome da Legas a 2022, sun karkatar da hulɗarsu ta can. Nijar da Cadi kuma sun bai wa Starlink izinin aiki ta tauraron ɗan'adam, sai dai kuɗin kayansa ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Don haka nauyin ya rataya a kan gwamnatoci da kamfanoni su ƙara yawan hanyoyin, su kuma riƙa sanar da jama'a da wuri cikin harsunan da suke ji idan aka samu katsewa. Kafin a kai ga haka, dabarar da ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi ita ce ajiye layin kamfani na biyu a waya, da kuma tambayar maƙwabci kafin a ɗauki kwamfuta zuwa kasuwa.