Sallah da Sabon Tuba: Ranar da Ake Sakin Hannunsa

Gabatarwa

Hausawa kan ce Sallah bukin ɗaya rana ce, in ta wuce sai ta bar wawa da bashi. Bashin da suke nufi na tufafi ne da shinkafa da rago. To, amma akwai wani bashi da Sallah kan bari wanda ba a cika maganarsa ba, watau na saurayin da ya yi wata guda cur bai haɗiyi ƙwaya ba, bai kurɓi kodin ba, sa'an nan kafin magaribar ranar idi ya koma ruwa tsundum. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai cewa kwanakin Sallah na cikin mafi hatsari ga wanda bai daɗe da barin shaye-shaye ba, kuma nauyin tsallake su bai rataya a wuyansa shi kaɗai ba.

Abin da idona ya gani

Ni mutumin Daura ne, amma ba Daurar Bayajida ba, Daurarmu ta ƙasar Karaye, maƙwabtan Rogo, a yammacin Jihar Kano. Ina da wani ɗan baffana wanda ya soma shan Tramadol ba don nishaɗi ba, sai don ya jure wa aikin ƙodago a gonakin rani na bakin madatsar Challawa. Sannu a hankali maganin gajiya ya zama ubangida. Wata shekara da azumi ya kama, ya yi rantsuwa ya bari, ya sha ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci, ya kuwa daure har aka ga wata.

Ranar Sallah muka sauko daga idi tare, yana cikin sabuwar shadda. Da muka shiga gaisuwa, sai wani dattijo ya dube shi ya yi murmushi, ya ce, "To, Allah ya sa ba tuban muzuru ba ne." Aka yi dariya, shi ma ya yi ta yaƙe. Da azahar tsofaffin abokansa da suka dawo daga ci-rani suka tsaya da babura a ƙofar gida, ga goron Sallah a aljihunsa, mu kuwa kowa ya shagala da baƙinsa. Da dare aka kawo shi ranga-ranga, jikinsa yana fizga kamar mai farfaɗiya. Allah ya yi da sauran shan ruwansa. Washegari kowa ya ce, "Ai dama mun faɗa." Ba wanda ya tambayi kansa ko da hannunsa a ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin gida ɗaya ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu irin su Tramadol da kodin suka sha. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma doka kwalba take iya kamawa, ba ƙishirwar mai sha ba.

Dalilin da Sallah ke kayar da sabon tuba

Da farko dai, azumi shinge ne. Daga sahur zuwa buɗa-baki ba mai kai komai baka, in dare ya yi ga asham, da rana ga tafsiri, a goman ƙarshe ga tahajjud. Lokacin mutum duk a cike yake, kuma gari gaba ɗaya yana taya shi kamewa. Amma da zarar an ce an ga wata, sai a cire shingen nan cikin dare ɗaya, a bar shuka mai kwana talatin a fili ga awaki.

Na biyu, lokacin da kansa. Wani nazari da aka buga a Amurka a 1971, kan masu barin giya da taba da hiroyin, ya gano cewa kimanin biyu cikin uku na waɗanda suka bari sukan koma cikin wata uku na farko. Wanda ya bari a farkon Ramadan kuwa kwana 29 ko 30 kawai gare shi ranar Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah ma takan riske shi bai wuce kwana ɗari ba.

Na uku, kuɗi da abokai da wuraren da aka saba. Masana sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar mai shaye-shaye takan ɗaure sha'awar abin da fuskoki da wurare, har ganin tsohuwar majalisa kawai ya isa ya tayar da ƙishirwar da aka zaci ta mutu. Sallah kuwa ita ce ranar da dukkan waɗannan ke haɗuwa a wuri ɗaya.

Na huɗu, wanda ya fi ban tsoro: jikin da ya huta wata guda ya rasa juriyar da ya saba da ita. In mutum ya koma ya sha adadin da yake sha a da, yana iya kai shi ga fizga ko ɗaukewar numfashi, har ga mutuwa. Abin da ya kusa tafiya da ɗan'uwana ke nan.

Masu cewa laifinsa ne

Na san wani zai ce wannan duk kame-kame ne, mai imani da zuciya ba ya komawa, kuma kowa ya tuba don wuya ba lada. Ban musa cewa niyya ita ce tushe ba, kuma ba wanda zai bar wa wani shaye-shaye. Sai dai cibiyar binciken kayan maye ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar wannan cuta sukan sami koma-baya, kwatankwacin yadda ake gani ga masu hawan jini ko asma. Ba mu taɓa cewa mai hawan jini munafuki ne don jininsa ya sake hawa ba. Bugu da ƙari, malamai sun karantar da mu cewa haramcin giya daki-daki ya sauka, kuma lokacin da wani sahabi ya la'anci mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, Annabi (S.A.W.) ya hana shi, ya shaidi mutumin da son Allah da Manzonsa. Ina muka samo izinin yi wa sabon tuba dariya?

Wani kuma zai ce a kulle shi a ɗaki har buki ya wuce. Abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019 ya isa ya nuna mana inda sarƙa ke kaiwa. Wanda aka ware ranar da kowa ke murna, an koya masa cewa ba shi da kowa sai masu babura.

Abin da ya kamata a yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a goman ƙarshe ya kamata a zauna da shi a tsara kwanakin Sallah: da wa zai je idi, wane gida zai shiga, wane lungu zai kauce wa, wa zai kira in abin ya motsa masa. A ba shi aiki mai daraja, kamar rabon tuwon Sallah ko raka yara kallon hawa a Karaye, ko fiɗa da suya in Babbar Sallah ce. Goron Sallarsa, da yardarsa, ya ba wani amintacce ajiya. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, takan shirya zama dare da rana a lokacin Kirsimeti don kada ɗayansu ya kaɗaita. Mu da muke da zumunci da Sittu Shawwal ba mu da hujjar gazawa. In kuwa ya zame, kada a ɓoye don kunya. A kai shi asibiti nan da nan, a kuma nemi shawarar likita, ko a asibitin Dawanau ko wajen masu ba da shawara na hukumar NDLEA, domin wasu ƙwayoyin barinsu farat ɗaya ma hatsari ne.

Haka muka yi da ɗan baffana shekarar da ta biyo. Na wuni tare da shi kwana uku, baffa ya damƙa masa hidimar baƙi. Ba na ce ya warke ba, amma ya ga huɗu ga wata da hankalinsa.

Kammalawa

Saura namu, mu ɗaliban harshe. Hausa tana da "mashayi" da "ɗan ƙwaya" da "ɗan wiwi", sunaye masu manne wa mutum ko bayan ya bari. Tana da "tuban muzuru" don yi masa ba'a. Amma wanda ke tsakiyar kokawa, bai faɗi ba bai kuma gama tashi ba, ba mu ba shi suna ba tukuna. Ni dai ina ganin "mai murmurewa" ya dace da shi, domin mai murmurewa sannu ake yi masa, ba dariya ba. Sallah mai zuwa, in mai karatu yana da irinsa a gida, to ya yi masa sannu, ya kuma zauna kusa da shi har magariba. Allah ya ba mu ikon yin haka, amin.