Bature Yana Hawan Wahala, Bahaushe Yana Shan Ta

A cikin takardun fassara da nake dubawa ƙarshen kowane zango, akwai jimlar da ba ta rasa fitowa: "Iyalai suna fuskantar ƙalubale wajen haɗa ƙarshe biyu." Ta fuskar nahawu babu inda ɗalibin ya kauce. Amma a je kasuwar Dole a Damagaram a karanta wa mai awon hatsi wannan jimla, zai tambaya: ƙarshen me, igiya ko zane? Ingilishi da Faransanci duka suna da wannan adon magana, wanda ke nufin kuɗin mutum su kai shi ƙarshen wata da ƙyar. Ɗalibinmu ya san harsunan biyu, shi ya sa hoton ya zame masa kamar nasa, ya manta mai karatunsa bai taɓa ganin sa ba.

Wannan batu ya wuce aji. Tun da Kundin Sabunta Ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, dole sanarwar asibiti da bayanin tallafi da rahoton yunwa su riƙa biyowa ta hannun mai fassara kafin su isa ga mai su. Galibin waɗannan takardu kuwa maganar wahala suke yi.

Ra'ayina shi ne, kafin ɗalibi ya nemi makwafin kowane adon magana na Ingilishi, ya fara tambayar inda hoton ya fito. Da yawa daga teku suke: mutum yana ƙoƙarin ɗaga kansa saman ruwa, ko yana jiran guguwa ta wuce jirginsa. Wasu daga sanyin ƙasarsu suke, kamar mai tafiya kan siririyar ƙanƙara. Wasu daga damben zamani, inda ake matse ɗan wasa a jikin igiyar fage, ko mai horar da shi ya jefa tawul don a tsayar da faɗa. Akwai kuma hawan tudu, da hasken da ake hangowa a ƙarshen ramin jirgin ƙasa. A duk waɗannan, wahala abu ce da ke waje, ana hawan ta, ana ratsa ta, ana yaƙar ta.

Bahaushe kuwa cikinsa yake sa ta. Yana shan wahala, yana shan wuya, yana cin baƙar wuya, yana ɗanɗana kuɗarsa, kana ya ce ya ji jiki. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya duba "ci" da "sha" zai ga yadda waɗannan ƙananan aikatau biyu suka ɗauke nauyi mai yawa na harshen. Ko talaucin da aka so a faɗa da "haɗa ƙarshe biyu", a baki muka ajiye shi: hannu baka hannu ƙwarya. Wanda ya samu abu bayan dogon faɗi-tashi kuma, da jiɓin goshi ya same shi.

Kada a ɗauka sabon hoto ne kaɗai matsalar. Bature yana da maganar tsinken da ya karya bayan raƙumi, wato ƙaramin abin da ya zo a ƙarshe ya ƙure haƙuri. Raƙumi namu ne, ba na Ingila ba. Yaron Agadas ya fi kowane ɗan Landan sanin yadda ake ɗaura masa kaya. Duk da haka, in an faɗi wannan da Hausa sai mai sauraro ya tsaya yana lissafin tsinke da raƙumi, alhali da an ce tura ta kai bango da tuni ya gane. Haka mai tsayuwa tsakanin dutse da wuri mai tauri: mu a nan gaba kura ne, baya siyaki.

Sai dai akwai tarko a ɗaya ɓangaren, kuma ɗalibai masu ƙwazo ne suka fi faɗawa ciki. Su ne masu ɗauko karin magana don kawai ta yi kama. Tsinin dutsen ƙanƙara da ke leƙowa saman teku, wanda mafi yawansa ke ɓoye a ƙasa, sau da yawa ana fassara shi da "somin taɓi". Ba ɗaya ba ne. Somin taɓi maganar lokaci ce, abin da aka gani farko ne, babban yana tafe. Dutsen ƙanƙara kuwa maganar ɓoyo ce, babban yana nan tun yanzu, ido ne bai kai gare shi ba. A irin wannan wuri na fi son ɗalibi ya rubuta a sarari cewa abin da ke ɓoye ya ninka wanda ke fili, da ya yi wa jimla ado da kayan aro da ba su dace da ita ba.

Abin da ya fi damu na, fiye da duk waɗannan, shi ne "ƙalubale". Kalma ce ta Hausa tsantsa, ma'anarta a kira mutum fage, kamar yadda ɗan kokowa ke kiran abokin karawarsa. Yau ta zama kwandon da ake zuba komai: ƙalubalen ruwan sha, ƙalubalen haihuwa, ƙalubalen tsadar gero. Matar da ke tafiya tun asuba neman ruwa babu wanda ya kira ta fage. Fama take yi. Muna da fama, da ƙunci, da tsaka mai wuya, da ƙaƙa-ni-ka-yi, da ɗawainiya, kowace da nata nauyin. Muna kuma da "rufin asiri", wadda har yau ban samu ɗalibin da ya mayar da ita Ingilishi ko Faransanci a kalma biyu ba, domin tana ɗauke da talauci da mutunci a lokaci guda.

Aikin da nake ba ajina a wannan zango ke nan: kowa ya saurari labaran rediyo na mako ɗaya, ya rubuta duk inda ya ji "ƙalubale", sa'an nan ya je wurin wata tsohuwa a unguwarsu ya ba ta labarin, ya rubuta kalmar da ita ta yi amfani da ita.