Kogin Kano: mu da ke bakin ruwa, su da ke shan ruwa

1/
Jiya a ɗakin kwanan ɗalibai na tambayi abokaina shida, duk haifaffun birni: daga ina Kogin Kano ya taso? Ɗaya ya ce Wudil, ɗaya ya ce Tamburawa, sauran suka ci gaba da danna waya. Ni ɗan Tudun Wada ne, abin ya tsaya min a rai. Ku ɗan ba ni aron hankalinku, ga zare 🧵

2/
Kogin daga kudu yake tasowa, can tuddan da ke wajen duwatsun Riruwai a Doguwa, inda jihar Kano ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi. Daga nan ya ratsa dajin Falgore. Da yawanmu ba mu san cewa sunan dajin na farko ma "Kogin Kano" ne ba.

3/
Sai ya gangaro Tiga, a ƙasar Bebeji. Nan gwamnatin Audu Bako ta datse shi, aka gama dam ɗin a 1974. An gina shi don ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Wanda bai taɓa tsayawa a kan gaɓar ba ya je ya gani, sai ka rantse teku ne.

4/
Daga Tiga ruwan ya kasu. Wani ya bi babbar magudana ta Ruwan Kanya zuwa gonakin noman rani na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan da shinkafar Kura, ruwan nan ne. Sauran ya bi hanyarsa ya haɗu da Kogin Challawa, wanda shi ma aka datse a Ƙaraye a 1992, maƙwabtan Kiru.

5/
Bayan sun haɗu sai suna ya canza: Kogin Haɗejiya. Ya wuce Wudil, ya shiga Jigawa, ya malale a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa har Tafkin Chadi. Wato ruwan saman da ya sauka a kan dutse a Riruwai yana iya ƙarewa a komar masunci a Chadi.

6/
To ga inda nake son zuwa. Dam ɗin nan ba a fili fetal aka gina shi ba. Akwai garuruwa, gonaki da maƙabartu a ƙarƙashin ruwan. Dubban mutane aka tasa. Kakata har ta rasu in za ta yi kwatance sai ta nuna tsakiyar ruwa ta ce "can gidanmu". Muna yara mukan yi dariya. Yanzu kam na daina.

7/
Kuma ruwa ƙasa yake gangarawa, ba ya hawa tudu. Manyan magudanan duk arewa suka nufa. Mutanen da ke saman dam ɗin, waɗanda suka ba da ƙasar, sai wanda ya iya sayen injin ban-ruwa da fetur. A ƙauyenmu, da rani, mata da yara har yanzu tonon yashi suke a gindin rafi su jira ruwa ya tsatso. Muna bakin kogi muna taimama.

8/
Na san me wani zai ce: ai kun samu kamun kifi. Gaskiya ne, akwai masunta da kwalekwalensu, akwai masu banda, akwai gidajen da kifin Tiga ke ciyarwa. Ban raina ba. Amma a auna shi da abin da noman rani ya mayar da Kura, sai a faɗa min ko rabon ya yi daidai.

9/
Ba kuma cewa nake a hana na ƙasa ruwa ba fa. Su ma sun ji a jikinsu. Tun da aka datse kogin, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru duk shekara ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta da makiyaya suna ta kokawa. Mutumin Nguru ɗan'uwana ne a wannan kuka.

10/
Mu ma muna da laifi, kar mu yi ta nuna yatsa. Ku tsaya a hanyar Jos ku ƙirga buhunan gawayi da lodin itace da ke fitowa daga yankin Falgore. Ba aljanu ke sara ba, 'yan'uwanmu ne. Itace in ya tafi, ruwan sama ya kwashe ƙasa ya zuba a kogi, kogi ya kai ta cikin dam. Dam ya cika da laka maimakon ruwa.

11/
Amma wanda ba shi da abin yi wata shida na rani, ka ce masa ya bar gatari, ya ci me? Shi ya sa nake ganin maganar guda ce. In ana son dajin ya tsira, a ba mutanen Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji ƙananan madatsai, famfunan sola na ban-ruwa da ruwan sha. A ware musu kaso daga abin da ruwan ke samarwa, a rubuce, ba alfarma ba.

12/
Kada a ce dam ba ya lalacewa. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda, shi ma a Bebeji, ya ɓalle. Bayan nan ne aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga, aka rage yawan abin da yake riƙewa don gudun irin haka. Ku tambayi iyayenku, suna tunawa.

13/
Muna da 'yan majalisar tarayya biyu, na Kiru/Bebeji da na Tudun Wada/Doguwa. Lokacin zaɓe in sun zo da taliya da atamfa, ni dai tambayata ɗaya: kadada nawa ta noman rani za ta zo saman dam, kuma yaushe?

14/
'Yan Tiga, 'yan Riruwai, 'yan Kwanar Dangora, in akwai wanda aka tashi garin kakanninsa, ya rubuto sunan garin a ƙasa. Ina tattarawa, don tsofaffin da suka san sunayen suna ta ƙarewa.