Mai faci ya kwarzane maka wili ya ce ka yi haƙuri: wa zai biya?

1/ Zare ne jama'a, ku gyara zama. Magana ce a kan wilin aloy da masu faci, da kuma kalmar nan da ake kashe kowace rigima da ita a bakin titi: "Oga, ka yi haƙuri." Tun yanzu in faɗi inda na tsaya: wanda ya ɓata wili shi zai gyara shi. Amma yadda za ka karɓi haƙƙin naka ma akwai zance a ciki.

2/ Yawancin masu facinmu a kan wilin ƙarfe suka koyi aiki, irin na tasi da bas. Shi ƙarfe ɗan wahala ne. Ka sa masa liba ka danna, ka buga masa guduma, in ya lotse a sake bugawa ya miƙe, a rufa masa murfi, babu wanda zai san an yi. Aloy kuma alminiyon ne da aka narka aka zuba, aka yi masa fenti da wani shafi mai ƙyalli a sama. Bai kai ƙarfe nauyi ba, ya fi shi kyau, amma ba ya jure duka. Inda ƙarfe zai lanƙwashe, shi gutsurewa yake ko ya tsage.

3/ Ga shi motocin da matasa ke ja yanzu, su Camry da Accord da Lexus, da yawa wili inci 17 ko 18 ne da taya mai gajeren gefe. Gefen irin wannan tayar tauri gare shi. Yaro zai sa liba ya danna, ta ƙi, ya ƙara ƙarfi, ta zame. Shi ke nan, an zana maka layi a bakin wili. Injin cire taya ma yana yin ɓarna idan robar da ke kare kansa ta cinye ba a sauya ba, ko haƙoransa suka damƙi wilin ta ciki suka bar tabo.

4/ Za a ce ai kwalliya ce kawai, mota na tafiya. Wani lokacin haka ne. Amma idan gutsurewar ta taɓa inda taya ke zama a jikin wili, tayar da ba ta da tiyub a nan take riƙe iska. Sai ta fara sacewa a hankali, kullum da safe kana neman mai iska, kana zargin ƙusa. Idan wilin ya ɗan karkace, sitiyari zai fara rawa da zarar ka hau babban titi. In kuwa tsagewa ce, wannan ba wasa ba ne, musamman ga mai bin hanyar Kano zuwa Zariya da iyali a baya.

5/ Sai ɓarnar da ido ba ya gani. A sa wa sifana dogon bututu, ƙato ya hau kai yana tsalle wai yana ɗaure noti. Ko a sa bindigar iska a yi ta tatata har sai ta gaji. Alhali Toyota awo ta bayar, Camry da Corolla 103 Nm, Honda Accord 108. In aka wuce gona da iri ƙusar ta miƙe, ramin notin ya cinye, ranar da ka yi faci a daji kai kaɗai sai noti ya ce bai san zance ba. Motar da ke da na'urar auna iska a jikin bawul kuma, danna ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya fasa ta.

6/ To an ɓata. Me ya sa muke jin kunyar cewa a gyara? Saboda mai facin talaka ne, kai kana cikin mota. Jama'a za su taru, wani dattijo ya ce haba Alhaji, tsautsayi ne, Allah zai mayar maka. Kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba ka zama Alhaji nan take. Ka tafi kana cizon yatsa, gobe yaron ya yi wa wani irin ta, don babu abin da ya same shi.

7/ Masu cewa neman diyya rashin tawakkali ne, su koma littafin Risala da muka karanta a zaure. Malaman Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa mai sana'a yana lamunin kayan mutane da aka bar masa, tela ne ko marini ko maƙeri. Dalilinsu shi ne in ba a yi haka ba dukiyar mutane za ta riƙa salwanta, kowa ya ce ba laifinsa ba ne. Ɓarnar da sakaci ya jawo kuwa ba a ma yi saɓani a kanta ba. Yafiya kyauta ce daga mai kaya, in ya ga dama. Ba a ƙwatarta da taron jama'a.

8/ Dokar ƙasa ma haka. Dokar 2018 da ta kafa hukumar FCCPC ta ba mai karɓar aiki haƙƙin a yi masa aikin da kyau, a kuma mayar masa da kayansa ba tare da an rage musu lafiya ba. Babban shago mai allo da rasit da POS, wannan dokar ta hau kansa daram.

9/ Amma fa ku ji ɗaya gefen, don nan ne wasunmu ke ɓata rawarsu da tsalle. Wili ɗaya ya kwarzanu, sai a kira ɗan sanda a kama yaron shago, ko a ɗauki bidiyon fuskarsa a watsa a TikTok. Haba. Dokar ƴan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar ciniki irin wannan. Kuma yaron nan sau da yawa ɗan koyo ne, ba shi ya ƙi sayen kayan aiki ba. Maigidansa za ka nema. Shi ya karɓi aikin, aljihunsa kuɗin ke shiga.

10/ Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ka kai wili inci 18 wurin mutumin da duk jarinsa liba biyu ne da guduma da injin iska a gindin darbejiya, don kawai ya fi araha, alhali shago mai inji yana gaba kaɗan. Laifinsa na nan, ya kamata ya ce wannan ya fi ƙarfina. Amma kai ma ka ga kayan aikinsa da idonka kafin ka miƙa. Abin da za ka nema a wurinsa ba zai zama daidai da abin da za ka nema a babban shago ba.

11/ Abin da ke kashe gardama tun kafin ta fara abu ne mai sauƙi. Wayar da kake karanta wannan zaren da ita, ka zagaya wili huɗun da bidiyo a gaban mai shago kafin a sa jak, kana cewa malam duba, lafiyarsu ƙalau ko? Ba zargi ba ne. Ai shi ma kariya ce a gare shi, don akwai masu zuwa da tsohon karcen da suka yi a gefen kwalbati su manna wa mai faci. Karcen kwalbati yana da faɗi da kaushi a can waje. Na liba gajere ne mai zurfi a baki, na inji kuma yakan bi da'ira, sabo fil yana ƙyalli.

12/ Kada ka tafi shan shayi ka bar aikin. Ka tsaya ka ga an shafa ruwan sabulu a bakin taya, an kifa wilin a kan kwali ko tsohuwar taya maimakon tsakuwa. Wajen balansin ka ce dalmar mannawa kake so. In an gama ka duba kafin ka biya. Da zarar ka fita ka dawo washegari, amsar ɗaya ce: ba a nan aka yi ba.

13/ In ka ga ɓarna, a kira maigida gefe, murya ƙasa. Bahaushe in ka tsare masa mutunci a gaban yaransa ya fi saurin sa hannu a aljihu. Ka nemi abin da ya dace da girman ɓarnar: karce, a kai wa mai fenti ya goge ya fesa, shago ya biya. Ba ka da hujjar cewa sai sabon saiti huɗu don ɗaya ya karce. In ya ƙi, yawancin masu faci suna da ƙungiya da shugaba a unguwa, kuma suna jin maganarsa. Babban shago kuma a rubuta masa takarda da hotuna, in ya yi kunnen ƙashi a wuce FCCPC ko kotun ƙananan da'awar kuɗi, akwai ta a Kano da Legas.

14/ Wurin da ban yarda a yi sulhu ba shi ne tsagewa. Za a ce a kai wa mai walda ya ɗinke. Ƙaramar tsaga a leɓen ciki, ƙwararre mai waldar agon yana iya kamawa. Amma tsaga a ƙafar wili ko kusa da ramin noti, wannan wilin ya gama aiki, ko wa ya rantse maka. Haka masu gasa shi da wuta su miƙar da guduma, zafin yana rage wa alminiyon ƙwari ko da ya fito sumul.

15/ In ta kai ga sauyawa, ku je Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo tare da mai shagon, ya biya a gabanka. Ka tafi da tsohon wilin a but. Akwai lambobin faɗi da zurfi a bayan ƙafafunsa, a gwada su da na wanda za a saya, a duba tazarar ramuka: Camry da Accord 5x114.3 ne, Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2013 kuma 5x100. Kafin a ɗora taya a juya shi a injin balansin ka gani da idonka ko yana rawa, don na hannu ma akwai wanda an taɓa yi masa walda an rufe da fenti.