A wanke hoton, kada a bar shi a waya

Daga Agye zuwa Gazawa, da wuya a yi suna ko ɗaurin aure ba a ɗaga waya an ɗauki hoto ba. Madalla, sai dai ajiyar tana kan memorin da bai kai farce ba: waya ta faɗa rijiya, ko a sayar da ita in rumbu ya ƙare, fuskar kaka ta tafi. Za a ce wanke hoto kashe kuɗi ne, gara kuma na cin takarda. Gaskiya ne; mai gudun hijira irin waɗanda suka shigo Gidan Runji daga Najeriya a 2019, waya zai ɗauka, ba firam ba. To, a yi biyun: a tura wa dangi ta WhatsApp, a wanke kaɗan, a rubuta suna da shekara a bayansu.