Labari, Zane da Ɗab'i: Ma'aunan Kundin Jarumai ga Yaron Rimin Gado

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1938 da Superman ya fara bayyana a mujallar Action Comics a Amurka, labarin zane na jarumi mai ƙarfin da ya zarce na ɗan'adam ya zama reshen adabi mai cin gashin kansa. Al'adar kamfanoni irin su Marvel da DC ita ce su riƙa fitar da labari wata-wata a 'yar mujalla mai shafi kamar 32, daga baya su tattara fitowa biyar ko shida su ɗaure a kundi guda. Wannan kundin shi ke shiga ɗakin karatu, shi ke kuma daɗewa a hannun jama'a. Yaran ƙasar Hausa sun san waɗannan jarumai ta fim a waya da hotunan jikin riga da jakar makaranta, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa riƙe littafin. Ra'ayin wannan maƙala shi ne lokaci ya yi da Hausa za ta mallaki irin wannan kundi nata na kanta, kuma wurin da ya dace a auna ingancinsa shi ne gari irin Rimin Gado.

Dalili kuwa a fili yake. Rimin Gado tana kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, gaba da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a yankin da gona ke manne da gona, ƙauye ke kallon ƙauye. Littafin da ya isa irin wannan wuri ba ya zama mallakar mutum ɗaya. Daga hannun ɗan firamare zai koma hannun yayarsa, ya kwana a zaure, ya je gona a aljihu, a karanta shi da tocila bayan sallar isha'i. Ƙurar hunturu da laimar damina da gara duk suna jiran sa. Kundin da ya jure wannan, ya kuma riƙe hankalin masu karatunsa, ya ci jarrabawa a ko'ina.

Labari

Hausa ba ta da ƙarancin sadaukai. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe, ƙaton mafarauci mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Bello Kagara ya ba da Ganɗoki a 1934, wanda ya gwabza da Turawa har ya kutsa duniyar aljannu. Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi a 1951, Umaru Dembo kuma ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Darasi mafi girma yana cikin Iliya. Asalin labarin na ƙasar Rasha ne, amma an yi masa wankan Hausa har mai karatu ba ya jin baƙuntarsa. Aro halal ne a adabi, muddin an rina abin da aka aro a marinar gida.

Wasu ma sun riga masu abin shiga rumbunsu. Roye Okupe, ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kamfanin Dark Horse kuma ya buga kundin. Aiki ne mai kyau, sai dai da Ingilishi aka yi shi, farashinsa kuma da dala aka yanka. Jikokin Amina na Gulu da Butu-Butu ba sa cikin waɗanda aka yi dominsu.

Marubucin da zai cike wannan giɓi yana da sharuɗɗa uku a gabansa. Na farko, labarin kundi ya kasance yana da farko da ƙarshe. Ɗabi'ar adabin kasuwar Kano ta yanke labari a tsakiyar rikici a ce sai an haɗu a littafi na biyu ba ta dace da mai karatun da ƙila littafi na biyun ba zai taɓa isa garinsu ba. Na biyu, jarumi ya zama yana da rauni da abin da yake tsoron rasawa, abokin gabarsa kuma ya fito daga abin da ke hana mutanen karkara barci: mai ɓoye hatsi, ɓarawon shanu, dillalin ƙwaya, fari. Sai dai a kula kada labarin ya rikiɗe ya zama takardar wayar da kai, domin yaro yana jin ƙamshin huɗuba tun daga bango. Na uku, a yi tunani mai zurfi a kan tushen ƙarfin jarumin. Naif al-Mutawa na ƙasar Kuwaiti ya fito da jarumansa The 99 a 2006, ya danganta baiwarsu da sunayen Allah kyawawa, ya kuwa gamu da suka mai tsanani daga wasu malamai a Saudiyya. Littafin da uba ya ji ƙamshin shirka ko tsafi a cikinsa ba zai kwana a gidansa ba. Iliya ya tsira daga wannan tarko saboda ƙarfinsa baiwa ce daga Allah wadda aka ɗora masa amanarta.

Zane

A 1975 an fara buga Powerman domin kasuwar Nijeriya, amma masu zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland, Turawan Ingila ne. Gwanaye ne na gaske, sai dai gwaninta daban, sanin wuri daban. Yaron da ya tashi a gindin rimi zai gane idan an zana masa kuka aka kira ta rimi. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya san bambancin rumbu da ɗaki, da na rawanin dagaci da na dogari, da yadda manomi ke riƙe garma. Kuskure ɗaya a irin waɗannan ya isa ya ruguza amincewarsa da dukan labarin.

Akwai kuma batun tafiyar ido a kan shafi. Mai karatun karkara yakan fara da allo, inda rubutu ke tafiya daga dama zuwa hagu, kafin ya shiga boko. Saboda haka jerin gidajen zane a shafi ya kamata ya zama a miƙe, motsin jarumi da kallonsa su riƙa jan ido zuwa gida na gaba, ba tare da cunkoson da ke burge ƙwararru ya ɓatar da ɗan koyo ba. Masu iya wannan suna nan, daga ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello zuwa masu zanen jikin manyan motoci, waɗanda suka daɗe suna zana zaki da ɗan dambe yadda talaka ke so.

Ɗab'i

Nan ne aka fi yin sakaci, nan ne kuma aiki ke rayuwa ko ya mutu. Hoto mai launi ana fitar da shi ne da tawada huɗu da ake bugawa ɗaya bisa ɗaya. Idan ɗaya ta goce ko da kaurin gashi ne, fuska takan fito da inuwa biyu. Takardar jarida tana shan tawada ta baza ta, har baƙar fata ta koma dunƙulen duhu wanda ba a ganin ido ko murmushi a cikinsa. Wannan illa ce babba ga littafin da dukan mutanensa baƙaƙe ne. Takarda mai sheƙi tana magance haka, amma tsadarta ta fi ƙarfin mai saye. Mafita ita ce wadda ƙasar Japan ta bi: zanen baƙi da fari mai tsabta, wanda da shi labaran zanenta suka mamaye duniya. Gara baƙi da fari a kan takarda mai kauri da launi huɗu a kan wadda za ta yi ja kafin kaka.

Ɗauri ma haka. Gam mai araha yana bushewa ya tsage a zafin bazara, shafuka su fara zuba ɗaya bayan ɗaya, kuma labarin zane da ya rasa shafi biyu ya tashi daga aiki. Ɗinkin zare, wanda ke haɗa shafuka 16 a kowane ƙulli, shi ke jure buɗewa da rufewa. A kuma bar fili isasshe ta gefen ɗauri don kada tsakiyar littafi ta haɗiye rabin fuskar jarumi.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Maganar cikin labarin zane da manyan baƙaƙe aka saba rubuta ta, kuma yawancin salon rubutun kwamfuta da aka ƙera domin wannan aiki ba su da Ƙ da Ɗ da Ɓ. Da zarar an yar da lanƙwasa, baƙi ya koma baki, ɗaka ta koma daka. Ga yaron da ke koyon karatu wannan koyar da kuskure ne. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 ya buga waɗannan haruffa da dalma, don haka babu uzuri ga mai kwamfuta a yau.

Za a iya cewa duk wannan tsada ne, tunda yawancin takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, kuma waya ta wadatar, kamar yadda kamfanin Comic Republic na Legas, wanda aka kafa a 2013, ya yi suna da sakin labaransa kyauta a intanet. Hanya ce mai amfani, amma wayar gidan manomi ta maigida ce ko ta babban wa, tana kuma buƙatar caji da data. Game da tsada kuwa, a yi lissafi da yawan masu karatu. Kundin da ya ninka wani kuɗi amma ya ratsa hannu talatin ya fi sauƙi a kan wanda ya wargaje a hannu na uku. Araha ba ta ado.

Kammalawa

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sassan Hausa na jami'o'i suna da masu labari da masu tace ƙa'idar rubutu, sassan zane suna da masu alƙalami, maɗaba'un Kano da Zariya suna da injina, hukumomin ilimi da ɗakunan karatu kuma su ne masu sayen da za su sa bugu mai yawa ya yiwu. Manazarta su ma suna da nasu rabon. Sharhin littafi a Hausa ya saba tsayawa a kan jigo da salo da zubi. Idan kundin jarumai ya zo, wajibi ne mai sharhi ya faɗi nauyin takardarsa, da irin ɗaurinsa, da ko lanƙwasar haruffa ta fito. Kafin kuma a yanke masa hukunci, a kai kwafi goma wata firamare a Rimin Gado a farkon zango, a koma a ƙarshensa a ƙirga shafukan da suka rage, a tambayi yaran sunan jarumin.